Ranar da Siddiƙu Ya Karɓi Wasan

Siddiƙu ya zalunci wansa makaho, kuma ƙiri-ƙiri ya yi, a gaban baƙo.

Wan nasa, Maccido, direba ne. Tun shekarun da arzikin man fetur ya yi yawa a ƙasa yake ɗauko siminti daga Kalambaina, har ciwon suga ya cinye masa idanu a zamanin soja. Daga nan ya koma zaman zaure a gidansu na Ƙofar Dundaye. Abokan tasha suka yi ta raguwa har ya rage saura Malam Luka, malamin firamare, wanda ke zuwa kullum bayan la'asar.

A zauren akwai talabijin da wata na'urar wasa da Siddiƙu ya sayo a Jidda. A cikin wasan wani ɗan mutum ne ake korawa yana gudu, yana tsallake ramuka. Malam Luka bai iya ba sam. Wata rana yana fama, Maccido ya ji ƙarar wasan ya ce, "Wane ne wanga da ke ta faɗuwa?"

Malam Luka ya ce, "Direba ne, sunansa Mode. Motarsa ta mutu a daji, ya taho gida da ƙafa. Matarsa na da tsohon ciki."

"To ka kai shi mana. Kai ko keke ba ka iya ba, an ba ka ran mutum."

Wata huɗu suna haka. In akwai wuta Malam Luka ya kama wasa yana ba da labari, Maccido kuma yana gyara masa hanya, don shi ya san inda gada take da inda ake samun ruwan sha. Ya haddace ƙarar tsalle da ƙarar faɗuwa. Mutumin da ya daina cin abincin rana ya koma yana tambayar matarsa Sadiyatu ko la'asar ta yi. Burinsa ɗaya ne, ya ji Mode ya isa gida. Amma akwai wani rami da Malam Luka ya kasa wucewa.

Siddiƙu gwanin wasan ne, kuma yana so a sani. Ran nan ya shigo ya tarar da su a bakin ramin, ya fizge abin dannawa daga hannun malamin. Ya yi kusan awa guda yana wasa ba tare da ba da labari ba. Maccido ya karkata kunne, ko sau ɗaya bai ji ƙarar faɗuwa ba.

"Ina munka kai? Ya ga gari?"

"Wane gari, Yaya?"

"Garinsu Mode. Matar ta haihu?"

Siddiƙu ya yi dariya har da buga cinya. "Ba Mode, ba mata, ba gari. Tsalle ne da maki, iyawar hannu ce kawai. Na gama shi, ga shi ya koma farko. Malam na ta shirya maka tatsuniya kamar ɗan aji ɗaya, duk unguwa an sani."

Maccido ya juya fuska wajen da yake jin numfashin abokinsa. "Luka, haka ne?"

"Haka ne, amma ka bari in..."

"Ashe tausayina kake ji."

Ya lallubi sandarsa ya shige cikin gida. Ba ƙarya Siddiƙu ya faɗa ba. Amma ba don gaskiya ya faɗa ba, don a ga ya fi malami iya danna roba ne, kuma ya san sarai abin da wansa ke jira kowace la'asar.

Malam Luka ya zo sau uku, Sadiyatu na fitowa tana ce masa maigidan na kwance. A zuwa na uku ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, kunyarka yake ji." Bai sake zuwa ba, a ƙarshen shekara kuma ya nemi canjin wurin aiki ya koma garinsu.

Maccido ya yi shekara uku a duniya bayan wannan, gida ɗaya da ƙanensa. In Siddiƙu ya yi sallama yakan amsa, don wajibi ne. Ban da wannan bai ƙara ce masa ko kalma ɗaya ba har ya rasu.