Sabuwar Tsohuwar Unguwa

Shekara sittin da biyu Pang Deshun ya yi a Layin Masu Gyaran Tukwane, cikin birnin Hefei, kafin a zo da jan fenti a zana wa bangonsa harafin rusau, har da kewaye harafin da da'ira, kamar zai gudu. Wai ci gaba ya zo. Aka kwashi tsoho aka ɗora shi a hawa na talatin da ɗaya, ya koma maƙwabtaka da gajimare.

Bayan shekara huɗu aka farga cewa babban birni ba tarihi miya ce ba gishiri. Sai aka sake gina layin sabo fil inda aka rushe shi, aka goga wa bulo toka don ya tsufa da wuri.

Pang ya ɗauki 'yar kujerarsa da gorar shayi, ya je ya zauna inda ƙofarsa take a da. Bai kai ga kurɓa ba sai ga mai gadi, wanda harshensa ya nuna bara ya shigo gari.

"Baba, tashi. Nan wurin tarihi ne."

"Ɗan nan, a nan aka binne cibiyata."

"Sannu da ƙoƙari. Amma baƙi na ɗaukar hoto, kana ɓata musu tsohuwar unguwa."

Pang ya waiwaya ya ga abin da ya tare musu: mutum-mutumin tagulla na wani tsoho, zaune kan 'yar kujera, riƙe da gorar shayi. Shi har rumfa aka yi masa.