Jan Ƙyallen da Ba a Ɗaura Ba

A ƙauyen su Miran ko yaro ya san abin da ɗumin teku ke jawowa. In ruwan ɗumi ya kwararo daga kudu, gansakuka na biye da shi, teku ta yi kore shar, ta yi kauri kamar kunu, kifi ya rasa numfashi. Shi ya sa duk masuncin da ya hango ta a can ciki yake ɗaura jan ƙyalle a sandar jirginsa, kowa ya ja kejin kifinsa ya gudu.

Kejin Miran na maƙwabtaka da na Naina, mijin ƙanwarsa Sulaiha. Kifin nan shi ne noman Miran na shekara, ya yi ta kiwo har sun kusa shiga kasuwa.

Da hantsi Naina ya dawo daga teku, sandar jirginsa fayau, ba ƙyalle.

"Yaya, taya ni kwance igiyar kejin nan. Ragata ta yage, zan ja kejin bayan tsibiri in gyara."

"Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkewa?" Miran ya yi dariya, ya faɗa ruwa. Ya ji shi da ɗumi kamar na wankan jego. "Anya kuwa? Ba ka ga komai ba a ciki?"

"Haba Yaya! Da na gani ai da ka ga ƙyalle."

Da hannunsa Miran ya kwance masa, har da tura jirgin. Bai kawo a ransa cewa injin Naina, wanda su biyun suka dogara da shi, keji ɗaya yake iya ja ba, kuma lokacin bai isa sawu biyu ba.

Kafin la'asar koren ya iso. Washegari kifin Miran duk sun mutu, sun juya cikinsu sama, wari ya cika gaɓa. Asarar ta yi masa ciwo, amma ba kamar igiyar nan da ya kwance yana dariya ba.

Rana na tsaka Sulaiha ta shigo da shinkafa da miyar kifi mai tsamiya, ta ajiye tana sunkuyar da kai.

"Kifin wa?"

"Namu ne, Yaya. Ka daure ka ci."

"Kin sani tun jiya?"

Ta shiga murza bakin mayafinta.

Miran ya mayar da murfin a hankali.

"Ɗauki abinki, Sulaiha. Na ƙoshi."