Abin da Tsoho Ya Kira Kyanwa

Tsoho mai tsire na unguwar Zahir ya daɗe da yarda cewa ba mai jin Hausa sai Bahaushe. Shekara arba'in yana Makka, kuma duk abin da ba zai iya gaya wa Balarabe a fuska ba, da Hausa yake zuba masa yana murmushi, Balaraben ya karɓi tsirensa ya sa masa albarka ya wuce.

'Yarsa Shifa tana karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Kanada. Kullum bayan la'asar takan kira shi ta bidiyo kafin ta tafi aji, shi kuma ya jingina wayar da kwanon ƙuli yana soke nama suna hira. Duk wuninsa wannan kiran yake jira, ko da yake bai taɓa yarda ya faɗa ba.

Wata Talata ya ga 'yan mata uku a kan gado ɗaya, idanunsu sun yi ja.

"Baba, an yi mushkila a sakan, masaukinmu," in ji Shifa, wadda Hausarta ba ta taɓa fitowa ba Larabci a gefe. Ta nuna masa maƙwabtanta na ɗakin kwanan ɗalibai: Tahani Bafalasɗiniya, da Talya Bayahudiya. Wasu sun rubuta "'yar ta'adda" da jan fenti a ƙofar Tahani. Ita kuwa Talya an ɓalle ɗan kwanson addu'ar da take maƙalawa a jikin ƙofarta, an zana mata alamar 'yan Nazi. Jami'a ta aiko da wasiƙar takaici, ta kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, fenti kuwa yana nan a ƙofa.

Ran Tsoho ya ɓaci ƙwarai. Ya gyara hula zai yi musu jaje irin na dattawa, sai kyanwar maƙwabta ta ɗauke masa tsoka guda daga faranti.

"Kai, Bayahudiyar banza!" Ya jefe ta da tsinke.

Ya juyo da murmushinsa, ya tarar ba mai murmushi. Talya ba ta jin Hausa, amma sunan mutanenta ba ya buƙatar tafinta, kuma ta ji muryar da aka faɗe shi da ita. Shifa ta kashe wayar.

Laraba ba kira. Alhamis ba kira. Tsoho ya riƙa ɗaga wayar yana zargin kamfanin layi, har ya ƙona tsinke huɗu. Abin da yake tsoro a fili yake: kada yarinyar ta fara jin kunyarsa, ta riƙa ɓoye shi daga mutanenta.

"Ni fa da kyanwa nake," ya ce wa matarsa Shatu ran Juma'a, tana tankaɗe masa yaji. "Magana ce kawai. Kowa yana faɗa wa mai wayo da mai rowa."

"Haka ne, Malam."

"To kin gani."

"Shi ma mai burodin unguwar Misfala da ya ce maka 'kai Takruni, baƙar fata, koma baya', magana ce kawai. Shekara nawa yanzu kana zagayawa layi biyu don kada ka wuce ƙofarsa?"

"Wannan daban."

"Ashirin da bakwai," in ji Shatu, ta ci gaba da tankaɗe. "Mutumin ma ya rasu, kana gaba da jikansa."

Tsoho ya tuna yadda ya tsaya a layin burodin nan yana kallon ƙafafunsa, mutane suna dariya, ba wanda ya tare masa. Kunya ta kama shi sosai.

Bayan la'asar ya sa farar riga, kamar mai zuwa neman aure, ya kira da kansa. Sai a bugu na uku Shifa ta ɗauka.

"Na'am, Baba."

"Ba ke nake nema ba. Ba ni yarinyar nan."

Ta fita da wayar zuwa baranda. Tahani da Talya suna tsaye da bokitin fenti, sun gaji da jiran kwamiti. Tsoho ba shi da Turanci, Talya ba ta da Larabci, Shifa kuma ta naɗe hannu ta ƙi shiga. Tahani ce ta ajiye buroshi ta zama tafinta.

Ya faɗa da Larabcinsa na kasuwa. Ya ce ya tashi yana jin kalmar a matsayin zagi, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa sunan mutane ne masu uwa da uba ba. Ya ce an taɓa yi masa irin wannan, ya san zafinsa, kuma ba shi da hujja. Ya roƙe ta ta yafe masa.

Talya ta saurara har ƙarshe, ta yi magana a hankali.

"Ta ce ta ji ciwo, ya Ammi," in ji Tahani, tana kiransa baffa da Larabci. "Ta ce ta karɓa. Kuma tana tambaya, wa kake zagi?"

"Kyanwa."

Tahani ta fassara. Talya ta rufe baki da bayan hannu, fenti ya shafe mata hanci.

Tsoho ya ce to shi zai koma kan wuta, a gaida kowa. Shifa ba ta kashe ba. Ta jingina wayar a kan kujera ta fuskanci ƙofofin, ta ɗauki buroshi. Wani ɗalibi da ya zo taya su ya leƙa yana tambayar wane ne wannan.

"Babana ne," in ji ta, da Hausa, ga mutumin da ba ya jin ko kalma ɗaya.