Ragon da Aka Tsayar wa Zuciya

Har gobe in na ga an kayar da rago, raina sai ya ɓaci. Ni ce Dorcas, yayar Filibus, kuma ina cikin ɗakin fiɗa ranar da abin ya faru, da kayan nas a jikina.

Lokacin sojoji ne, kuɗin mai na zuba. Gwamnati ta tura Filibus Ingila ƙaro ilimi bayan digiri, ya koyo aikin injin da ke riƙe wa mutum jini da numfashi yayin da likita ya tsayar da zuciyarsa yana gyara ta. Aka sayo injin, aka kawo Sakkwato, Filibus ya dawo ya ƙarasa bincikensa a kai. Sai ga matarsa Hannatu ta kwanta da ciwon zuciya. Daga ɗaki zuwa ƙofar gidanmu na unguwar Gidan Dahala sai ta huta, balle a ce ta hau jirgi zuwa Ingila a yi mata aiki.

Malaminsa, wani likitan fiɗa Bature, ya zo da sharaɗi. A gwada a kan rago. In ragon ya farka, zai yi wa Hannatu aiki a nan. In bai farka ba, ya koma ƙasarsu.

Audi, wani manomi daga Kwalkwalawa, shi ke kiwon ragunan binciken. Mutumin kirki, wallahi, har sunaye yake sa musu. Ya kawo ragon, aka ce ya tsaya bakin ƙofa. Duk iliminmu, babu wanda ya yi masa bayanin abin da za a yi. Ko ɗaya!

Aka buɗe ƙirjin rago, aka jona bututu, jini ya bi ta injin. Likita ya tsayar da zuciyar da gangan. Komai na tafiya daidai, duk muka juya muna kallon injin.

Sai kawai muka ji, "Bismillahi, Allahu akbar!"

Kafin in juyo Audi ya sa wuƙa a wuyan ragon.

"Malam Audi, me ka yi?" in ji Filibus.

"Malam, zuciya tat tsaya ina gani," Audi ya ce. "In bar shi shi zama mushe? Ai sai ku yi hasarar nama."

Na zage shi tas. Shi kuwa yana kallona, bai san laifinsa ba. Filibus ya roƙi a sake da wani rago, Bature ya cire safar hannu ya ce ba zai buɗe ƙirjin mutum a inda haka ke faruwa ba.

Muka koma gida muka tarar da Hannatu jingine da matashi, ta sa an yi mata sabon kitso saboda kwanciyar asibiti. Ta dubi mijinta ta ce, "Ya farka?"

Filibus ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ba ta sake tambaya ba. Kafin Kirsimeti muka binne ta.