Digirin da Baba ya sa wa roba

Raudatu ta fito daga ofishin tantance takardu ba tare da an buga mata hatimi ba. Matar da ke kan teburin ta juya digirin, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce da Faransanci ba sa karɓar takardar da aka manne cikin roba, don ba a iya taɓa tambarin asali.

Shekara biyu Raudatu tana neman wannan gurbi. Wata jami'a ce a ƙasar waje take neman mutum ɗaya da zai yi karatun dakta a kan tsatsar da ruwan gishiri ke yi wa ƙarafan tashar jiragen ruwa. Sharaɗinsu digiri na biyu a injiniyanci da sanin aikin ɗakin gwaji. Ita kuwa wata takwas ta yi tana kankare tsatsa a bakin tashar Duwala tana aunawa. Sun yi mata tambayoyi, sun yaba. Abin da ya rage kawai kwafin digirin mai hatimi, kafin Juma'a. Ga shi yau Laraba.

Ta hau babur zuwa unguwar New Bell, ta iske mahaifinta, Malam Idirisu, yana auna yadi a shagonsa. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, wa ya ce ka kai takardata a sa mata roba?"

"Au, gaisuwar ke nan, Dakta?"

"Sun ƙi karɓa."

Ya ajiye almakashi. "Ke ba ki ga abin da ruwa ya yi mana bara ba? Takardun gidan nan sai da suka koma kamar kunu. Na ce ba zan bari taki ta jiƙe ba. Kowa a layin nan haka yake yi."

"Kowa a layin nan katin rigakafi yake kaiwa, Baba. Ka tambaye ni? Ina cikin gidan nan fa."

"To a ba ki wata mana."

"Sai an rubuta takarda, a jira wata da watanni."

Malam Idirisu ya karɓi digirin, ya ɗauko reza daga aljihun tebur. "Abin da mutum ya manna ai mutum zai ɓamɓare."

Kafin ta riƙe hannunsa har ya ɗaga gefe ɗaya. Robar ta taso da fatar takardar, ta kwashe rabin lambar rajista.

Ya tsaya yana kallon wurin.

Raudatu ta zare takardar a hankali. Maganar da ta zo mata baki ba irin wadda ake faɗa wa uba ba ce, sai ta haɗiye ta. Ta zauna a kan dilar atamfa, ta juya masa baya, ta fara rubuta wa farfesan da ke kula da gurbin a waya ainihin abin da ya faru, tana roƙon ya ƙara mata lokaci. Sau uku tana gogewa, don duk yadda ta rubuta, ba ta yarda a ga sunan Baba a ciki ba.