Cinyar Khaya

Duk wanda ya saba zuwa mahautar Sis' Nomvuyo a Mdantsane ranar Asabar ya san kujerar Sonwabile. Tana jikin bango kusa da murhun gashi, inda zai iya kallon talabijin ba tare da namansa ya ƙone ba. Ya haura sittin, wuyansa ya kusa kai faɗin kansa, kunnuwansa sun murɗe sun yi kauri tun zamanin da yake sahun gaba a turereniyar zari-ruga. Bai taɓa buga wa ƙasa ba, don a ƙuruciyarsa masu zaɓe ba sa waiwayar unguwannin baƙar fata irin tasu. Amma ya buga wa unguwa har gwiwoyinsa suka gaza, kuma ya haifi Ntombekhaya, wadda kowa ke kira Khaya, 'yar wasan gefe mai gudu kamar an biyo ta.

Kujerar da ke fuskantar tasa ta Mzoxolo ce, tsohon malamin firamare, siriri mai tabarau. Tare suka yi wasa, shekara ɗaya suka yi aure, kuma ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan komai ba. Ba sa kiran juna da suna, sai da sunan zuri'a: Sonwabile shi ne Tshawe, Mzoxolo kuma Jola. A bana musun nasu ya ƙara zafi, domin Liyabona 'yar Mzoxolo ita ma a gefe take bugawa, ga shi gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar mata ta ƙasa da za ta kara da baƙi daga Turai.

"Jola, ka daina wahalar da bakinka," in ji Sonwabile yana juya haƙarƙari a kan wuta. "In Khaya ta karɓi ƙwallo, aikin 'yarka kawai ta karanta lambar bayan rigarta."

"In ta karɓa ɗin," in ji Mzoxolo. "Sau nawa ta zubar a wasan Gqeberha? Liya tana cafewa, tana kayarwa. Taka kuwa in ta ga ƙatuwa ta taho, hanya take ba ta, har da gaisuwa."

"Kai da ka gama wasanka kaf rigarka ba ta taɓa yin dattin da za ta ga sabulu ba, kai ne mai maganar kayarwa?"

Wurin ya kaure da dariya. Thozamile direban bas, wanda ba shi da 'ya a fili amma ba ya son musu ya mutu, ya ce shi a ganinsa duk su biyun a bar su a gida a ɗauko 'yar Durban. Nan take tsofaffin suka haɗu suka yi masa ca, sannan suka koma kan juna.

Ana cikin wannan mako Khaya ta zo gida daga birnin Monti, inda ƙungiyar lardi take atisaye. Sonwabile yana ban ruwan alayyafonsa ya hango ta tana saukowa daga bas. Ta fara sauke ƙafar hagu, ta dafa ƙofa, sannan ta jawo ta dama a hankali kamar ta aro. Da ta gan shi sai ta miƙe ta taho da sauri tana murmushi, amma ya riga ya gani.

Ya bari sai da mahaifiyarta Nolitha ta zuba musu dafaffen masara da wake suka ci.

"Bayan cinya ne?" ya tambaya.

Khaya, wadda ke kiran mahaifinta Tata, ta ajiye cokali. "Jiya ne, Tata. Na taso da gudu sai na ji kamar an tsunkule ni daga ciki. Ba sosai ba ne."

"Wa ya sani?"

"Koci dai bai sani ba."

Sonwabile ya shiga lissafi a zuci. Wasan gwaji na ƙarshe ya kusa, kuma masu zaɓe za su zo da kansu. Ya tuna yarinyar tana ƙarama, tana tsere da karnukan layi ba takalmi. Ya tuna da kansa ma, da rigar da bai taɓa sawa ba.

"A ɗaure da bandeji," ya ce. "A shafa man zafi safe da yamma. Mu a zamaninmu da karaya ma mun buga. Wasa ɗaya ne, ntombi yam, 'yata, in aka kira sunanki sai ki huta."

Nolitha tana kwashe kwanuka ta ce, "Shi ya sa yanzu ni nake ɗaura maka igiyar takalmi." Ba ta ƙara ba, ta shige kicin.

Khaya ta ce za ta yi tunani.

Da safiyar Asabar ƙungiyar lardi ta zo atisaye a filin unguwa, mutane suka jeru jikin waya suna kallo suna waƙa. Khaya ta yi gudu, wanda bai san ta ba zai ce lafiya lau take. Amma takunta ya gajarce, kuma duk lokacin da ta tsaya sai hannunta ya tafi bayan cinya kafin ta tuna ta janye. Sonwabile ya saci kallon Mzoxolo. Ya ga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya bi yarinyar da ido har ƙarshen fili. Malamin nan ya shekara da shekaru yana horar da yara, ba abin da zai ɓoye masa a tafiyar ɗan wasa.

Da rana aka hallara a mahauta. Sonwabile ya zauna yana jira, ko naman bai ji daɗinsa ba. Ya san kalma ɗaya ta ishi Mzoxolo ya gama da shi, kuma maganar da aka yi a wurin Sis' Nomvuyo ba ta kwana ba ta kai Monti ba.

Thozamile ne ya buɗe. "Bhut' Sonwabile, yau kamar Khaya ba ta sake ba. Ko idona ne?"

Kafin Sonwabile ya samo amsa Mzoxolo ya riga shi. "Idonka ne. Kai da motarka ke tari tun bara ba ka gane ciwonta ba, yaushe ka zama likitan 'yan wasa? Matsalar Khaya ɗaya ce, kuma na sha faɗa: hannu. A ba ta ƙwallo kamar an ba ta garwashi."

Ya ci gaba da tsohon karatunsa na wasan Gqeberha, ƙwallo nawa aka zubar, wa ya kauce wa wa. Sonwabile ya mayar masa kamar yadda ya saba, amma muryarsa ba ƙarfi. Har aka watse ba wanda ya sake ambatar ƙafa.

A hanyar gida ya ji taku a bayansa. Mzoxolo ne, da ledar burodi a hannu. Suka jera har suka wuce cocin kan kwana.

"Tshawe," in ji Mzoxolo, "tsokar nan in ta ɗan tsage, makonni ne. In aka matsa mata ta tsinke, shekara ce, wata ma ba ta dawowa yadda take. Na ga yara biyu da aka yi wa haka."

"Don 'yarka ta samu wuri kake faɗa."

"Da don haka ne, ai da a gaban mutane na faɗa."

Sonwabile ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. A bakin layinsu Mzoxolo ya ce a gaida Nolitha, ya wuce abinsa.

Sonwabile ya shiga gida yana shirya yadda zai janye maganarsa ba tare da girmansa ya zube ba. Sai ya tarar da Khaya a falo ta ɗora ƙafa a kan kujera, da ƙunshin ƙanƙara a ƙarƙashin cinya.

"Tata, na gaya wa likitar ƙungiya," ta ce. "Ta duba ni bayan atisaye. Ta ce ba zan buga gwajin ba."

Ya zauna a hankali. Abin ya yi masa ciwo, a lokaci guda kuma ya ji kamar an sauke masa buhu daga kafaɗa.

"Ke kaɗai kika yanke?"

"Liya ce ta raka ni. Tun ranar da abin ya faru ta sani, ai ɗakinmu ɗaya a Monti. Ta ce in ban faɗa ba ba za ta ƙara yi mini kitso ba."

"Wato ku ba gaba kuke ba?"

"Ku dai kuke abinku, Tata."

Nolitha ta yi dariya daga kicin har da tari.

Da aka sanar da sunaye a rediyo, Liyabona na ciki. Sonwabile ya ji zafin abin, ba zai ce bai ji ba. Ya yi yini guda a cikin alayyafonsa yana cire ciyawar da babu ita. Washegari ya sa hularsa ya tafi gidan Mzoxolo da cinyar rago, ya ce ya zo ne don ya san malamai ba su iya gashi ba, kada a kunyata unguwa.

Ranar wasan mahauta ta cika har waje. Khaya ta zo, aka ba ta akwatin lemo ta miƙe ƙafa. Da aka nuno Liyabona cikin rigar ƙasa tana rera taken ƙasa, Mzoxolo ya tashi ya ce zai duba wuta, bai dawo ba sai da aka fara. Ba a jima ba wata ƙatuwar Baturiya ta ɓalle ta gefe, Liyabona ta shiga ƙafafunta ta nannaɗe ta har wajen layi. Wurin ya ɗauki sowa, Sis' Nomvuyo ta yi guɗa da wuƙa a hannu.

Bayan hutun rabin lokaci aka jefo wa Liyabona ƙwallo, fili buɗe a gabanta, ta zubar.

"Ka gani," in ji Thozamile. "Da Khaya ce da tuni ta dire ta bayan layi."

"Rufe mana baki," in ji Sonwabile. "A idon sawu aka jefo mata. Wa zai cafe wannan? Mai jefawar za ka zaga. Yarinyar nan tun da aka fara ba wadda ta wuce ta gefenta."

Sai da ya gama ya lura kowa shi yake kallo. Mzoxolo ya leƙo ta saman tabarau.

"A maimaita, Tshawe, ban ji da kyau ba."

"Ba da kai nake ba."

Su Liyabona suka ci wasan da ƙyar, da bugun ƙarshe. Aka yi ta waƙa har naman Sis' Nomvuyo ya ƙare.

Bayan 'yan makonni likita ta ce Khaya ta fara tafiya cikin ruwa, kocin ƙasa kuma ya aiko cewa in ta warke yana son ganinta a sansani. Sonwabile ya ce shi zai riƙa raka ta. Suka shiga bas da safe zuwa bakin teku a Monti. Ta shiga ruwa har gwiwa tana takawa a hankali, shi kuma ya naɗe wando yana bin ta daga gefe yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Ruwan da sanyi, gwiwoyinsa suna ƙara, ba a yi nisa ba ya fara haki.

"Tata, ka zauna mana," in ji Khaya.

Ya samu dutse ya zauna, ya buɗe ledar fanken da Nolitha ta ƙulla musu. Ya ci nasa, ya duba ya ga ta yi nisa ba ta waiwayo ba, ya gutsuri nata kaɗan. Daga inda yake yana ganin ƙafar dama tana sauka daidai da ta hagu.