Ƙasar da Hon Ke Karɓar Yara

Daren jiya ina sa haƙarƙarina a katifa mafarki ya sure ni ya kai ni wata ƙasa da ban san sunanta ba. Na tsinci kaina a ƙofar shagona na ɗinki, da tef ɗin awo rataye a wuya, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, don haka duk mai lema ya kifa ta a ƙasa ya tsaya a kanta yana jiran a ɗauke. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne an daɗe da tashi daga makaranta, kuma 'yata Barira ba ta iso gida ba.

Barira shekararta huɗu. Jakar makarantarta ta fi bayanta faɗi, kuma in muna tafiya ba ta riƙe hannuna duka, ɗan ƙaramin yatsana take kamawa. Tsakanin gidanmu da inda motar makaranta ke sauke ta akwai babban titi, wanda tifofin yashi ke bi kamar ana korarsu. A ƙasar mafarkin titin nan ya ƙara faɗi, har sai mutum ya kare ido da hannu kafin ya hango tsallakensa.

Sai ga ni zaune a gaban motar makarantar, kusa da Sallau direba. Shi ne dai Sallau ɗinmu na zahiri, da hularsa da ta sha zufa da tsinken sakace a baki. Yara sun cika bayan mota maƙil, wasu a kan cinyar wasu, an zaunar da ɗaya a kan giyar motar ana ɗaga shi duk lokacin da za a canja.

Na ce, "Sallau, ina 'yata?"

Ya ce, "Na sauke ta, Baban Barira."

"A hannun wa?"

"Hon."

"Wane Hon? Ɗan gidan wa?"

Ya danna tsakiyar sitiyari, pim-pim. Ya ce, "Shi."

Raina ya ɓaci, na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na ce, "Kai Sallau, ka ji tsoron Allah. Hon yana da hannun da zai kama yarinya ya ƙetarar da ita? Yana da idon da zai duba hagu da dama?"

"Ni dai in na yi hon amana ta sauka daga kaina," in ji shi. "Haka ake yi tun kafin in fara tuƙi."

"To me zai hana ka zagaya shataletale ka sauke ta a ɓangarenmu?"

"Shataletale da nisa, jiya ma ya ƙara matsawa gaba. Kuma lodi na jirana a tasha."

Muna cikin maganar ya rage gudu kaɗan, ƙofa ta buɗe da kanta, wani yaro ya dire yana tangaɗi, gorar ruwansa ta gangara cikin kwata. Motar ba ta tsaya ba. Na tambayi Sallau ina birki, ya ce ya bar shi a gida ƙarƙashin gado don kada ya cinye. Na ce ya waiwaya ya ga ko yaron ya tashi. Bai waiwaya ba, kuma a nan ne na lura ba shi da wuya. Kansa zaune yake a kan kafaɗunsa daram, kamar tulu a kan gammo, yana kallon gaba kawai.

Ya ce, "Wuyana yana ofis. Ranar da aka ba ni lasin aka karɓe shi."

Sai ga ni a ofishin. A jikin ƙofa an rubuta Ofishin Kula da Amanar Yara. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau da babbar riga mai aiki, yana tauna igiyar wata jakar makaranta a tsanake. Fanka tana juyawa a ƙasan ɗaki tana hura silin. Na yi sallama, ya amsa da baki cike.

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yata nake nema. Direba ya sauke ta a tsallaken titi ya yi gaba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "An yi hon?"

"An yi."

"To an kawo ta. Je ka gida ka sa a yi mata wanka."

"Ba ta gida, ranka ya daɗe!"

"Wannan kuma laifin gidan ne. Me ya sa aka gina shi a tsallake? Ka kawo ƙarar gidan, za mu duba."

Na daki teburin har tabarau ɗinsa ya zame. Ni mutum ne mai haƙuri, wanda ya yi ɗinkin sallah shekara da shekaru ya san haƙuri, amma ranar na rasa inda na ajiye shi. Na ce, "Ku da aka ɗora ku a kan 'ya'yan mutane, abin da za ka faɗa mini ke nan? Yarinyar da ko maɓallin rigarta ba ta iya sawa daidai ba, ita za ta auna gudun tifa?"

Bunsurun bai ji haushi ba. Ya nuna mini wani lungu da ƙahonsa ya ce in duba can ko takalminta na ciki. Tsibin takalman yara ne, ya kusa kai silin, kowanne wari ɗaya, ba mai ɗan'uwa. Ya ce daga kan titi ake tsinto su kullum da yamma. Na durƙusa ina tonawa. Na Barira ba zai ɓace mini ba, don da igiyarsa ta tsinke, ni na ɗinke ta da jan zare, shi ne ke kan kekena a ranar. Na tone tsibin har ƙasa ban ga jan zare ba. Na yi hamdala, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don kowane takalmi da na ɗaga akwai ƙafar da ta fita daga cikinsa.

Na ce, "In mota ta buge yaro fa, me kuke yi?"

"Sai mu kai wa iyayen buhu ɗaya," in ji shi, ya buɗe wani sito da ƙofato. Buhuna ne jibge, an rubuta ƙaddara a jikin kowanne. Na kwance bakin ɗaya na leƙa. Sakaci ne zalla a ciki, ko gauraye ba a yi ba, sunan ne kawai aka canja a waje. Na ce masa ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara, amma wannan kayan ku kuka noma shi ku kuka ɗura. Ya ce shi ma ya sani, sai dai iyaye sun fi karɓa da wannan sunan.

A bangon bayansa kuwa wuyoyin direbobi ne rataye a kan ƙusoshi, kowanne da sunan mai shi. Na lalubo na Sallau, har da dattin kwalar rigarsa a jiki, na cire na cusa a aljihu.

Bunsurun ya ce, "Bawan Allah, kada ka mayar masa. Direba mai waiwaye ba ya samun lodi da wuri."

Na fita da wuyan a aljihuna.

Sai ga ni a tsakiyar titi, a kan dogon simintin nan da ya raba masu zuwa da masu komawa. Motoci na wucewa gaba da baya, iskarsu na kaɗa mini riga. Kan simintin cike yake da tsofaffi sanye da yunifom, sun jeru, kowa da 'yar kular abincinsa. Wani mai farin gemu da gajeren wando ya ja mini hannun riga.

Ya ce, "Kawu, don Allah ka ƙetarar da ni."

Na ce, "Baba, ai ka haife ni."

"A'a, ni ɗan aji ɗaya ne. Sunana Gambo. An sauke ni aka yi hon, na rugo, na kawo nan motoci suka rufe."

"Tun yaushe?"

"Tun titin bai san kwalta ba." Ya nuna wani gida mai koriyar ƙofa. "Ga gidanmu can. Innata ta taɓa leƙowa tana kiran sunana, na ɗaga mata hannu, ta ga tsoho ta koma ciki."

Ya buɗe kularsa ya nuna mini. Taliya ce da manja, har yanzu tana tururi. Ya ce an hana shi ci a hanya, sai ya isa gida. Takaici ya kama ni, na ji da Sallau na kusa da sai na shaƙe shi, sai na tuna wuyan nasa yana aljihuna.

Na ce, "Gambo, ka ga wata 'yar yarinya mai babbar jaka, da jan zare a takalminta?"

"Ga ta can, ba ta taso ba tukuna," ya ce. "Ba ta ji hon ɗin farko ba, jirgi ya wuce a lokacin. Tana jiran na biyu. Ai haka aka koya mana, da ka ji hon ka ruga gida."

Na juya na hango ta. Tana tsaye a bakin kwalta, ƙafafunta a haɗe, ta riƙe igiyoyin jakarta da hannu biyu, ta karkata kai tana saurare. Ruwa na fita daga ƙasa yana ɗaga mata gefen hijabi. Ba ta duba hagu ba, ba ta duba dama ba, don ba wanda ya taɓa ce mata titi da ido ake ƙetare shi. Da kunne aka koya mata. Daga can nesa wata tifa ta taho cike da yashi, direbanta shi ma ba wuya.

Na ɗaga ƙafa zan ruga, takalmina ya ƙi. Na duba, ashe an ɗinke shi da simintin, ɗinki mai kyau, irin na hannuna. Ina ta fizga sai ga motar makaranta ta sake zagayowa ta gabana. Na zaro wuyan daga aljihu na jefa ta taga, ya faɗa daidai wurinsa, kan Sallau ya ɗaga sama kaɗan ya zauna.

Ya waiwaya. Ya kalli yaran da ke bayansa, ya kalli tsofaffin da ke kan siminti, ya kalli Barira, ya kalli tifar. Tsinken ya faɗi daga bakinsa.

Ya ce, "Innalillahi! Ashe ƙanana ne haka?"

Na ce, "Tare tifar, Sallau! Tsaya a gabanta!"

Ya taka inda birki yake, ƙafarsa ta sami ƙasan mota, birki na gida ƙarƙashin gado. Ya dudduba ko'ina ya rasa abin yi, na ga tafin hannunsa ya nufi tsakiyar sitiyari, abin da kaɗai ya iya ke nan.

"Kada ka danna! Sallau, don girman Allah kada ka danna!"

Ya danna.

Barira ta ɗago kai, fuskarta ta washe, ta gyara jakarta ta sako ƙafa mai jan zare a kan kwalta. Na buɗe baki iya ƙarfina zan ce mata ta tsaya, abin da ya fito daga bakina shi ne pim-pim. Na sake ƙwalawa, pim-pim. Ta ji muryata a ciki, ta ƙara gudu.

Na farka jiƙe da zufa. Gari ya waye, ashe bayan asuba barci ya sake kwashe ni. Ina jin ƙarar cokali a kofin shayi daga kicin, wurin Asabe matata. Daga waje kuma, daga tsallaken titi, hon ɗin Sallau ne, pim-pim, pim-pim, sai ƙarar ƙananan takalma suna gudu zuwa zaure.

Ban nemi takalmi ba, ban nemi hula ba. A bakin ƙofar gida na cafke igiyar jakar Barira. Sallau yana can tsallake, inda ya saba, ya leƙo ta taga yana yi mana hannu mu taho, wai suna latti. Wuyansa na nan lafiya lau, ina ganinsa daga inda nake. Ban motsa ba. Na ɗaga yatsa na zana masa da'ira a iska, ya je ya zagayo shataletale ya tsaya a ƙofar gidana. Ya sake dannawa, na sake zanawa. Wata tifa ta wuce tsakaninmu, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafata. Da ƙurarta ta lafa na ga ya ja mota yana ƙunƙuni ya nufi shataletale.

Barira ta kama ɗan yatsana ta ɗago tana kallona.

"Abba, ba ka ji hon ba?"

Na ce, "Na ji, uwata. Daga yau ba da ke yake ba, ni yake kira."